Ruwan da Ake Zubarwa

Ruwan gidanmu zartsi gare shi, kuma duk wanda ya taɓa yini a gidan ya san haka. Mu da muka tashi a ciki ba ma ji. Baƙo ne zai kurɓa, ya ɗan yamutsa fuska, ya yi godiya da sauri, ya ajiye kofin a inda ba za a sake miƙa masa ba. Butar shayinmu kuwa, duk wata biyu sai Inna ta zauna da cokali tana kankare farin ɓawon da ya kama gindinta. Shekara talatin da wani abu muna shan ruwan rijiyar burtsatsen nan ta tsakar gida, babu wanda ya ce uffan, sai da ƙafafun Baba suka fara kumbura.

Likita ya ce ƙoda ce. Ya rubuta magani, ya ce a rage gishiri a abinci, sannan ya tambayi irin ruwan da ake sha a gida. Yaya ne ya raka shi, babban wanmu, shugaban wata makarantar sakandare, wanda tun da aka ba shi muƙamin yake yi wa kowa magana kamar ya kama shi ya makara. A bayan idonsa Hedimasta muke ce masa. Inna kaɗai ce take faɗa masa a gaban idonsa.

Da suka dawo daga asibiti ya tara mu a falo, ya tsaya a tsakiya duk da ga kujeru. Ya ce magana ɗaya ce: ruwan gidan nan yana ƙara wa Baba ciwo, don haka za a rufe gidan, Baba da Inna su koma wurinsa. Ya riga ya sa an yi wa ɗaki fenti, har labule ya saya. Ba mugunta ba ce, kowa ya san Yaya yana son Baba kamar ransa. Sai dai gidan nasa a hawa na uku yake, tagar ɗakin kuma bangon maƙwabta take kallo.

Baba ya juya yana kallon tagarsa. Mai gyaran agogo ne, kuma tun kafin a haife ni teburinsa yake jikin wannan taga mai kallon titi, da gilashin da yake maƙalawa a ido, da gwangwanayen da ya cika da ƙananan kusoshi waɗanda in ɗaya ta faɗi ƙasa sai dai haƙuri. Waya ta kashe kasuwar agogo, amma har yanzu ba a rasa tsoho ɗaya ko biyu a mako da zai ƙwanƙwasa tagar ya miƙo agogon da ya tsaya, su yi hirar awa guda a kan aikin minti goma. Na san idan aka raba shi da tagar nan, ko ƙodar ta warke ba a yi komai ba. Inna kuwa ta sha mur, ta shiga ninke wankin da ta riga ta ninke.

Ni ce auta, kuma a gidanmu auta ba ta girma. Shekarata tara a kamfanin da yake tace ruwa yana ɗurawa a goruna, ni nake kula da manyan na'urorin tacewa, maza shida ne a ƙarƙashina, amma a idon Yaya har gobe ni ce yarinyar da ta taɓa haɗiye maɓallin rigarsa. Na ce zan riƙa kawo ruwan gora daga wurin aiki. Ya ce ranar da gora ta ƙare Inna burtsatse za ta koma, kuma dukkanmu mun san gaskiya ya faɗa.

"Yaya, ruwan ne matsalar ko gidan?" na tambaye shi.

"Ruwan gidan."

"To ai ruwa ana gyara shi. Aikina ke nan."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Likita ya ce a mayar da shi bayan mako shida. Na ba ki mako shidan. Idan ruwan bai gyaru ba, daga asibiti gidana za mu wuce, kuma ba na son gardama."

Ranar Asabar na zo da na'urar a bayan babur ɗina. Ƙarama ce, irin wadda ake ɓoyewa a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, amma aikinta ɗaya ne da manyan da nake yini da su. Yaya ya zo sa ido. Baba ya jawo kujera bakin ƙofar kicin, domin duk abin da ake kwancewa ana ɗaurawa yana ba shi sha'awa. Inna ta ce mun cika mata kicin, ta kwashi wanki ta fita tsakar gida.

Na yi bayani, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin bakina. Na nuna musu filta ta farko mai tare laka da yashi, da ta biyu mai gawayi wadda take ɗauke wari. Na ce waɗannan biyun 'yan share fage ne, ba su iya komai a kan gishiri ba, domin gishiri narkewa yake a ruwa, ba a ganinsa balle a tare shi da ƙyalle. Na ɗaga farin bututun da tantani yake naɗe a ciki, na ce ga mai aikin. Ɗan injin nan zai danna ruwa a jikin tantanin da ƙarfi, ruwa ya ratsa, gishiri ya tsaya a baya. Siraran tiyo biyu ne suke fitowa daga bututun. Shuɗin yana kai ruwa mai kyau cikin ƙaramin tanki, baƙin kuma yana fitar da ragowar ruwan da gishirin ya taru a ciki. Shi na zura ta hudar bango ya faɗa kwatar tsakar gida, daidai ƙarƙashin igiyar shanya.

Sannan na fito da ma'aunina, ɗan abu kamar biro mai kauri, wanda ake tsoma bakinsa a ruwa ya nuna yawan abin da ya narke a ciki. Ruwan burtsatse ya nuna ɗari tara da arba'in. Na sabon famfo ya nuna talatin da takwas. Yaya ya karɓi ma'aunin ya tsoma da kansa, wai ko dabo na yi masa. Baba ya kurɓa, ya juya ruwan a baki, ya ce, "Ashe haka ruwa yake."

Ana gamawa Inna ta shigo da bokiti a hannu. Bayanin da na yi mata duka-duka bai wuce wannan ba: "Inna, wannan ƙaramin famfon za ki riƙa buɗewa, na sha da na girki. Kada ki taɓa komai a ƙasa." Ta ce to. Na hau babur na tafi ina jin kaina.

Duk Asabar nake zuwa in auna, duk Lahadi kuma Yaya yake bugo waya ya tambayi lamba, ko gaisuwa ba ya bari a gama. Makon farko saba'in. Na ce masa sabon abu ne, yana daidaita. Mako na biyu ɗari da tamanin. Na canza filtocin gaba duka biyun, alhali ko datti ba su yi ba. Mako na uku ɗari uku da hamsin.

Na kwanta a kan siminti, na zura kai ƙarƙashin wurin wanke-wanke, na bi kowace mahaɗa da yatsa. Ƙarfin inji daidai yake. Na fita tsakar gida na duba baƙin tiyo, ga shi yana tsiyaya cikin kwata lafiya lau. Duk wanda ya san aikin nan abin da zai fara dubawa ke nan, kuma sau uku na duba shi a rana ɗaya. Inna tana tsaye a kaina da kofin shayi, tana cewa in tashi kada sanyin siminti ya kama ni.

"Inna, babu wanda ya taɓa na'urar nan?"

"Wa zai taɓa? Ke kika ce kada a taɓa komai a ƙasa. Ko tsintsiya ba na kaiwa wurin."

Ban faɗa mata lambar ba, don kada hankalinta ya tashi. Na dai kawo goruna goma sha biyu na ce a riƙa ba Baba. Da na dawo na tarar ta jere su a saman kabad, wai na baƙi ne, ga famfon Auta me za a yi da gora.

Mako na huɗu lamba ta haura ɗari biyar. Ban yi wa Yaya ƙarya ba, kuma ko na yi ƙafafun Baba za su tona ni, don takalmi ya fara matse shi. A waya Yaya ya ce, "Kin yi ƙoƙari, Auta." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Washegari ya aiko da kwalaye na haɗa kaya, Inna ta jingine su a bayan ƙofa. Raina ya ɓaci da na'urar, da wanda ya ƙera ta, da ni kaina da na buɗe baki a falo kamar wata gwana. Tsoro kuma ya kama ni sosai, don na fara hango Baba zaune a hawa na uku yana kallon bango.

Da yammacin ranar na biya gidan na ga kwalayen, zan tafi ke nan sai Baba ya kira ni ta taga. Gilashi yana maƙale a idonsa, bai ko ɗago daga agogon da yake tsinkewa ba.

"Auta, babur ɗin nan naki ƙara gare shi. Tun daga kwanar titi ake jin ki."

"Salansa ce, Baba. Zan kai gyara."

"Ban ce ki gyara ba. Wata rana dai ki zo da ƙafa. Kuma ba Asabar ba."

Na tsaya in ji ƙarin bayani, ya ci gaba da aikinsa kamar babu kowa a wurin.

Ranar Talata na nemi izini a wurin aiki, na shiga motar haya, na sauka a bakin titi na ƙarasa da ƙafa. Baba ya hango ni ta taga, ya sunkuyar da kai. Na tura ƙofa a hankali. Daga kicin ina jin ɗan injin yana gurnani, alamar tanki yana cika, amma kwatar tsakar gida a bushe take ƙayau. Na durƙusa a gindin bango. An lanƙwasa bakin baƙin tiyon gida biyu, an naɗe shi tam da robar tayar keke, sannan an danne da maƙalin shanya, irin na katako. Aikin ya yi kyau har ya ba ni haushi, ko ɗigo ɗaya ba ya fita.

Ina nan durƙushe Inna ta fito daga ɗaki da kwandon wanki. Ta gan ni, ta ga abin da nake kallo.

"Au, yau ai ba Asabar ba ce."

"Inna, wa ya ɗaure tiyon nan?"

"Ni mana. Sassauta muryarki, kada Babanki ya ji." Ta ajiye kwandon ta matso kusa da ni. "Yoyo kika bari, Auta. Tun ranar da kika haɗa na gani. Na tara bokiti na gwada, kafin tankin nan naki ya cika sau ɗaya, bokiti biyu sun tafi kwata. Ruwa garau, ba datti ba komai. Ni da na yi ƙuruciyata ina ɗauko ruwa a ka daga nesa, in zauna ina kallon wannan ɓarna? Kuma in faɗa, magana ta kai kunnen Hedimasta, ya ce ba ki iya aikinki ba? Shi ne nake ɗaurewa. In na ji babur ɗinki sai in kwance, don kada ki san na gano ki ji kunya. Ina kallonki kina ta nema, na ce a raina yarinyar nan za ta gano da kanta."

Magana ta taru a bakina har ta yi min yawa, kuma babu mai daɗi a ciki. Mako huɗu ban ci abinci da daɗi ba, ashe maƙalin shanya ne. Sai kuma na ga laifina. Na tuna rabin awa na yi ina zuba bayani ga maza biyu da ko ruwan shayi ba sa dafawa, ita kuwa da za ta yini da na'urar na sallame ta da magana biyu. Ba ta taɓa komai a ƙasa ba, kamar yadda na ce. Na waje ta taɓa, kuma asirina take rufawa.

Na kashe injin, na kama hannunta muka shiga kicin. Na ɗauko kokwamba a kwando, na yanka a faranti, na barbaɗa gishiri, na ce ta sa ido. Ni kuma na kwance farin bututun, na zaro tantanin, na tsaga shi da wuƙa.

"Me kike gani a farantin, Inna?"

"Ya yi ruwa mana. Yau na fara girki?"

"Me ya fito da ruwan?"

"Gishiri ya jawo shi."

"To haka halin ruwa yake. In aka sa tantani a tsakani, gefe ɗaya da gishiri, gefe ɗaya babu, ruwa wajen gishirin yake bi da kansa. Na'urar nan juya shi take yi. Injin yana danna shi dole ya baro gishirin, ya ratsa tantani, ya koma inda babu. Amma gishirin da aka bari a baya, ina za shi?"

Na nuna mata baƙin tiyon da yatsa.

"Sai wani ruwan ya kwashe shi ya fita da shi. Shi ne na baƙin tiyo. Ba yoyo ba ne, Inna, shara ce. Kamar ki yi ta tankaɗe ba kya zubar da tsakin da ya taru a rariya. Toshewa za ta yi, in kuma kika ci gaba da dannawa, tsakin ya fara bin gari."

Na warware tantanin a gabanta. Duk ya kama da farin ɓawo, irin wanda take kankarewa a butar shayi, ta sa farce ta ɓantari kaɗan ta murza. Muka fita tsakar gida, na kwance robar, na tari ruwan da ya rage a tiyon a kofi. Garau yake, kamar yadda ta ce. Na tsoma ma'auni, lamba ta wuce dubu uku. Na miƙa mata na ce ta taɓa a harshe. Ta taɓa, ta tofar.

Ta nemi kujera 'yar tsugune ta zauna, ta daɗe tana kallon maƙalin a hannunta.

"Wato duk kwanakin nan, da hannuna nake ba shi gishirin."

"Laifina ne, Inna. Ni ce ban yi miki bayani ba."

"Yi min shiru." Ta share ido da gefen zane, ta ja hanci. "Kawo biron nan naki ki nuna min yadda ake yi."

Da la'asar na dawo da sabon tantani da ƙarin tiyo. Inna ce ta nuna min inda za a kai shi: cikin shuɗin duron da take tara ruwan wanki. Ta ce in dai shara ce, to sai ta yi wanki da goge ɗaki da wankin banɗaki kafin ta tafi kwata. Ban ga abin musu ba, na ma ji kunyar da ban yi tunanin haka tun farko ba. Na bar mata ma'aunin. Kwana goman da suka rage, kullum da safe sai ta bugo min waya ta karanta min lamba a hankali, kamar mai karanta sakamakon jarrabawa. Arba'in. Talatin da tara. Arba'in da biyu. Takalmin Baba ya daina matse shi.

Ranar komawa asibiti, likita ya ce kumburin ya ragu, ƙodar ba ta ƙara lalacewa ba, a ci gaba da magani a dawo bayan wata biyu. Yaya bai wuce da su gidansa ba, amma bai ce an fasa ba. Ya dawo da su gida, ya tsaya a tsakiyar falo.

"Na ji lamba ta sauko," ya ce. "Amma ina so in san abin da ya hau da ita. Abin da ba a san dalilinsa ba, dawowa zai yi."

Tun a hanya na shirya ƙaryata, zan ce tantanin farko ne ya zo da matsala. Ina buɗe baki Inna ta miƙe, ta kwance bakin zanenta, ta ajiye maƙalin shanya a kan tebur.

"Wannan ne ya hau da ita. Ni na ɗaure tiyon zubarwa, na zaci yoyo ne."

Yaya ya kalli maƙalin, ya kalle ni, ya sauke numfashi. Ya yi magana a hankali, kuma na san har zuciyarsa yake faɗa. "To Inna, ai abin da nake gudu ke nan. Yau maƙali ne, gobe ban san mene ne ba. A gidana idona yana kanku."

"Zauna, Hedimasta."

Ya zauna. Ta shiga kicin, ta jima, ta fito da tire da kofunan gilashi uku, kowanne cike da ruwa.

"Ɗaya na burtsatse, ɗaya na zubarwa, ɗaya na sha. Nuna min na sha. Da ido, ba da baki ba."

Ya so ya ce wani abu, ta tsare shi da ido. Ya ɗaga kofunan ɗaya bayan ɗaya wajen hasken taga, ya gyara tabarau, ya sake ɗagawa. Ya nuna na tsakiya. Inna ta zaro ma'auni, ta cire murfin, ta tsoma, ta juya masa ya karanta da kansa. Dubu ɗaya da ɗari huɗu.

"Ka faɗi," ta ce. "Na wanki ka zaɓa. Kai ke nan da tabarau da karatu. Ni ma da ido na duba, shi ya sa na yi kuskure. Ruwa bin gishiri yake, injin Auta yana juyo shi baya, abin da aka bari kuma dole a share shi waje, in ba haka ba ya dawo ciki. Da ban sani ba, yanzu na sani. Kai fa, ruwan da kake sha a gidan naka ka taɓa auna shi?"

Na danne dariya har cikina ya yi ciwo. Yaya ya ajiye kofin. Ya juya wajen Baba, wanda tun shigowarmu yake zaune yana murza agogon hannunsa.

"Baba, kai ba ka ji ruwan ya canza ba?"

"Kunnena ya riga harshena. Tun kwana na biyu na ji tsiyayar ta tsaya. Mai gyaran agogo ai ya san in abu ya daina tafiya."

"Ka sani, kuma ka yi ta sha?" in ji Yaya.

"In na ce ruwan ba daɗi, da bakina na tashe mu daga gidan nan. In na ce ita ta ɗaure, na kunyata ta a gaban 'ya'yanta." Ya ci gaba da murza agogon. "Shekara arba'in da shida tana miƙo min ruwa, ban taɓa mayar mata da kofi da saura ba. Ban ga dalilin farawa yanzu ba."

Dariyar da nake dannewa ta gudu. Inna ta ce, "Ji tsoho da wauta," ta juya tana gyara kofunan da suke zaune lafiya. Yaya ya cire tabarau ya shiga gogewa da gefen riga, ya goge har ya wuce misali. Sannan ya tambayi wanne ne na sha. Inna ta nuna masa, ya ɗauka ya shanye.

"Kullum da safe a kira ni a faɗa min lamba," ya ce. "Ke za ki kira, Inna, ba Auta ba."

"In ka iya gaisuwa tukuna."

"Kwalayen zan aiko a ɗauka." Ya miƙe, hannunsa ya kai kan maƙalin, ya sa a aljihu ba tare da ya lura ba.

"Ajiye min abina," in ji Inna. "Shanya gare ni."

Da ya tafi na tsaya a tsakar gida ina ɗaura jakata. Baƙin tiyo yana tsiyaya cikin duro, ƙarar tana shiga har falo. Baba ya koma teburinsa, ya maƙala gilashi, ya ce a ba shi ruwa. Inna ta buɗe ƙaramin famfo ta cika kofi, ta tsoma ma'auni, ta kai shi kusa da ido.

"Arba'in da ɗaya," ta faɗa da ƙarfi, yadda zai ji.

Ta kai masa, ta tsaya a kansa har ya shanye, ta karɓi kofin babu saura.